Wai jadawalin sati 30 na ragwaye ne?

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Yau kam sai na amayar da abin da ke cikina. Kun san na yi rajistar gasar Ironman ta Afirka ta Kudu, wadda ake yi a Nelson Mandela Bay. Iyo kilomita 3.8 a teku, keke kilomita 180, a sauka a kama gudun fanfalaki kilomita 42.2, duk a cikin awa 17. Na ɗauki kuɗin gumina na biya wani mai horarwa ta intanet, ba zan kama suna ba, ya turo min jadawalin sati 30. Sati huɗu ke nan ina bi. Me ke ciki? Yi sassarfa minti 40, kar bugun zuciyarka ya wuce kaza. Da na ɗan ɗaga ƙafa sai agogo ya hau kuka, dole in koma tafiya. Jiya da asuba wani yaro mai tura kurar ruwa, da jarkoki cike, ya zo ya wuce ni yana min sannu. Ni da na gama gudun fanfalaki na Legas sau biyu! Na ga wani jadawali na sati 16 kyauta, tun satin farko akwai wuta a ciki. Maganar gaskiya, jadawalin sati 30 na ragwaye ne, an tsara shi ne don a riƙa tatsar mutum wata-wata.

Sarkin Keke Jos: Wa alaikumus salam. Ragwaye? To mun gode. Ni sati 30 na bi.

Bazazzage: Bakano ke nan. Ba abin da ya dame shi sai kuɗin da ya fita daga aljihunsa. Da kyauta aka ba shi na sati 30 ɗin, da yanzu yana nan yana mana wa'azin haƙuri.

Baban Hanif: Kai ka yi shiru, wa ya sa da kai? Ku da ko gudun kilomita 10 sai kun tsaya shan shayi a hanya.

Maman Ilham: Baban Hanif, tambaya ɗaya zan yi maka don Allah. Mita nawa kake iya iyo ba tare da ka kama bango ba?

Kawu Tsoho: Ɗana, kalmar nan ba ta yi min daɗi ba. Shekarata 58. Wata takwas ina tashi ƙarfe huɗu, in yi awa ɗaya a kan keke kafin kiran assalatu, in yi sallah, in tafi kasuwa. In wannan shi ne raggo, to ban san ma'anar Hausa ba. Raggo shi ne wanda aka ba aiki ya kwanta. Wanda aka ce ya tafi a hankali ya kuma iya danne zuciyarsa ya tafi a hankalin, wannan ba raggo ba ne.

Baban Hanif: Allah ya huci zuciyarka Kawu, ba da kai nake ba. Ai ku manya ne, dole a bi da ku a sannu. Da matasa nake.

Kawu Tsoho: Au, yanzu kuma tsofaffi ne ragwayen? Ka gyara ko ka ƙara ɓatawa?

Bazazzage: Ku tsaya tukuna. Rago ake rubutawa ko raggo? Don in rago ne, ni a shirye nake in bi jadawalin, Sallah na nan tafe.

Ɗan Damagaram: Raggo da g biyu. Rago na layya ne, jam'insa raguna. Ku mutanen Najeriya kun lalata rubutun Hausa.

Bazazzage: Ji wai mun lalata. A Zariya aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kai za ka koya mana rubutu? Ku da kuke ce wa keke belo.

Ɗan Damagaram: Jaridar taku ce, Hausar tamu ce.

Sarkin Keke Jos: Ku bar wannan shirmen. Abin da Baban Hanif bai gane ba shi ne, gasar nan gasar keke ce, iyo da gudu rakiya suka yi. Rabin yinin a kan sirdi za ka yi shi, awa shida ko bakwai ga irinmu. Kuma an hana ka laɓe bayan wani ya tare maka iska, sai ka bar tazarar mita 12. Garin da za ka kuwa, Port Elizabeth da yanzu ake kira Gqeberha, kirarinsa ma birnin iska. Gudun Legas ɗinka da sabuwar ƙafa ka fara shi. Can kuwa za ka fara ne bayan kilomita 180, cinya ta zama kamar an ɗaura mata buhun siminti. Sati 16 ba ya gina wannan. Ka zo Jos ka yi wata ɗaya a kan duwatsunmu ka ga yadda ake zama mutum.

Baban Hanif: Keke ai zama ne. Kana zaune, ƙarfe na ɗauke da kai, a gangare ma ko feda ba ka taɓawa. Mai gudu shi ke ɗauke da kansa.

Sarkin Keke Jos: Zama? ZAMA? Admin ka ji ko?

Admin: Ina ji. A yi a hankali.

Sarkin Keke Jos: Ranar Asabar in Allah ya kai mu ka zo ka yi wannan zaman awa biyar, mu ga ko za ka iya zama a kujera ranar Lahadi.

Maman Ilham: Na yi tambaya ba a amsa min ba. Bari in faɗi dalilina. Ni rabin wannan tsere na yi a Durban, wanda ake kira 70.3, wato iyo kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1. Kafin in fara na iya gudu, na iya keke, amma ruwa sai da na koye shi kamar ƙaramar yarinya. A cikakken tseren awa 2 da minti 20 ake ba ka ka fito daga ruwa. In ka wuce haka an gama da kai, ko kekenka ba za ka taɓa ba, kuɗin jirgi da na rajista sun tafi. Kilomita 3.8 a wurin iyo mai tsawon mita 25, tsallakawa 152 ke nan. Kuma teku ba shi da bango, ba shi da layin da za ka bi a ƙasa, ga igiyar ruwa, ga gishiri a baki, ga ƙafafun mutane na dukan fuskarka. Jadawalin sati 16 da na taɓa gani, ga wanda ya riga ya saba da ukun ne, yana yin awa takwas ko goma a sati tun kafin ya fara. Ba yawan satin za ka duba ba. Ka duba inda ka fi rauni, ka kuma duba awa nawa kake da su da gaske bayan shago da iyali, don a tsakiyar shiri sai ka ga sati ɗaya ya ci awa 14 ko fiye.

Baban Hanif: Hajiya, naki rabi ne. Muna maganar cikakke, aikin maza.

Maman Ilham: Aikin maza. To madalla. A 1982 a Hawaii, Julie Moss tana kan gaba ƙafafunta suka ƙi, ta faɗi, Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuwa ta ƙarasa da rarrafe ta zo ta biyu. Hoton nan ne ya sa duniya ta san wannan gasa. Chrissie Wellington ta yi wannan nisan a Roth ta Jamus cikin awa 8 da minti 18 a 2011. Kai awa nawa kake sa rai?

Bazazzage: Wayyo! A kawo ruwa, an kashe Bakano.

Kawu Tsoho: Ni dai har yanzu ba a janye ragwaye ba.

Ɗan Damagaram: Hajiya, iyo kike ta cewa. Ninƙaya ake cewa.

Bazazzage: Duka biyun Hausa ne, malam. Ka tafi ka huta.

Ɗan Damagaram: Iyo na agwagwa ne.

Likitan Gida: Tunda an zo maganar ruwa. Na ji wasu a nan na shirin zuwa dam su gwada buɗaɗɗen ruwa. Ku yi hattara da tsargiya. Ƙwayar cutar daga dodon koɗi take fita, ta ratsa fata, ba sai ka sha ruwan ba. Ruwan teku ba ya ɗauke da ita, ruwan daɗi marar gudu shi ne matattararta. Sannan maganar tafiya a hankali da ta ɓata maka rai, ba wayon mai horarwa ba ne. Stephen Seiler, masanin motsa jiki da ke aiki a Norway, ya bibiyi yadda manyan 'yan tseren nesa suke horo, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu mai sauƙi ne, sauran ne mai zafi. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, jijiyoyi da ƙashi kuwa sai a hankali. Wanda ya cusa aikin wata bakwai cikin wata huɗu, gwiwa ko agara ce ke fara kai ƙara.

Baban Hanif: Likita, wannan na Turawa ne masu sanyi. Jikinmu daban.

Likitan Gida: Agara ba ta da ƙabila.

Sarkin Keke Jos: Likita kar ka wahalar da kanka. Mutumin da ya ce keke zama ne.

Baban Hanif: Na faɗa, na kuma maimaita. Masu gudu sun fi masu keke wahala, kowa ya sani.

Kawu Tsoho: Wannan musun naku ya girme ku. Shi ya haifi gasar ma. A Hawaii aka yi ta gardama tsakanin masu gudu da masu iyo kan wa ya fi ƙarfi, sai wani hafsan sojan ruwan Amurka, John Collins, ya ce a haɗa tsere uku a yini ɗaya a gani. A watan Fabrairun 1978 mutum 15 suka fara, 12 suka gama, Gordon Haller ya yi na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Su sun daina surutu sun shiga ruwa. Mu muna nan.

Sarkin Keke Jos: Kuma a gardamar tasu sunan Eddy Merckx aka kawo, ɗan tseren keke na Beljiyam, a matsayin wanda ya fi kowa huhu. Ɗan keke, ba mai gudu ba. Na gama magana.

Baban Hanif: Ka ga kuwa su mutum 15 ɗin nan wane jadawalin sati 30 suka bi? Babu! Kawu ka ba ni hujja da kanka.

Kawu Tsoho: Uku ba su gama ba. Ka zaɓi layinka.

Bazazzage: Wai ni duk cikinku ba wanda ya yi maganar azumi? In ya faɗo tsakiyar shirin fa? Baturen da ya rubuta jadawalin bai san sahur ba. Awa biyar a kan keke ba ruwa a zafin nan, sai dai a kwaso mutum.

Maman Ilham: Yau ka faɗi abin kirki. Ni a azumi na rage komai, ɗan sassarfa kafin shan ruwa, iyo bayan tarawihi in an samu wuri a buɗe. Wata guda ke nan ya fita daga lissafi. Ka cire sati huɗu daga 16, ka cire sati biyu ko uku na ƙarshe da ake sassauta horo don jiki ya huta, me ya rage maka? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Damagaram: Tarawihi ko asham?

Bazazzage: Admin don girman Allah ka cire mutumin nan.

Maman Ilham: Baban Hanif, karo na uku. Mita nawa?

Baban Hanif: Ina zuwa wurin iyo na wani otal ranar Lahadi in yara ba su cika ba. Ina tsallakawa sau shida, wani lokacin takwas, in huta. Amma ai wannan abu ne na sati biyu in na sa kaina. Ƙarfin numfashi ina da shi.

Maman Ilham: Innalillahi.

Bazazzage: Saura 144.

Baban Hanif: Kai dai hassada ce ke cin ka.

Kawu Tsoho: Ɗana, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kuma ina jiran janyewar.

Baban Hanif: To Kawu, na janye a kanka kai kaɗai.

Sarkin Keke Jos: Ni fa?

Baban Hanif: Kai ka ci gaba da zama.

Admin: To jama'a, dare ya yi, zan rufe nan. Ga abin da na fahimta an cimma. An yarda cewa keke shi ne ƙashin bayan wannan gasa, kuma kalmar zama kuskure ce babba da ya kamata a nemi afuwa a kanta. Jadawali mai kyau shi ne wanda ya ba keke haƙƙinsa, doguwar tafiya duk Asabar, a sauka a ɗan yi gudu nan take don ƙafa ta saba. Ko sati 16 ko 30, wannan ya rage ga mai shi, ba a samu matsaya ba. Hajiya ta ɗan taɓo batun iyo, mun gode, Likita ma haka. Maganar raggo da rago a kai ta wani zauren. Masu fita keke ranar Asabar, ƙarfe shida daidai a inda muka saba, kowa ya zo da gorar ruwa biyu da tub na ko-ta-kwana. Wanda ke neman keken tsere mai kyau, na hannu, ya same ni ta gefe, akwai guda biyu a ƙasa.

Maman Ilham: Na ɗan taɓo?

Kawu Tsoho: Admin, a cikin abin da ka rubuta ban ga inda aka janye ragwaye ga kowa da kowa ba.

Baban Hanif: Admin nawa ne ƙaramin?