Don Allah ku taimaka, buhunan shinkafa sun ƙi raguwa

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Kawuna yana da shagon hatsi nan cikin Katsina, tun rasuwar babanmu shi ke biya mini kuɗin makaranta, kwamfutar nan ma shi ya saya mini. Ya ce tunda ita nake karanta, in yi masa manhajar lissafin kaya ya huta da littafi. Na yi masa alkawarin ranar Juma'a, har ya gaya wa maƙwabtansa na kasuwa. To na sa buhu = 40, na kira rage(buhu, 5). A cikin fankishin ɗin rage, wato ɓangaren manhajar da ke cire buhunan, yana nuna 35, da na fito sai ya koma 40. Ina kuskuren yake?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwafi ka miƙa masa. Kamar ka ba mutum fotokwafin takardar fili ne ya yi ta gyara, ta asali tana cikin akwati. Rubuta void rage(int &buhu, int n), magana ta ƙare. Shekara tara ina wannan aiki.

Maman Khalil: Injiniya, ba ka tambaye shi da me yake rubutu ba. Wannan na C++ ne. A C sai foyinta, wato mai riƙe adireshin inda buhu yake, int *buhu, ya kira da &buhu kamar yadda ake yi wa scanf, fankishin karɓar bayani.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Java ce, Anti. Na sa & ɗin ya ja jan layin kuskure.

Injiniya: To saka buhun cikin obijet, wato ƙunshin da ke riƙe bayanan kaya. Java obijet ɗin kansa take miƙawa, ba kwafi ba.

Badaure: A yi mini afuwa yallaɓai, Java kwafi take miƙawa kullum, sai dai na obijet kwafin adireshinsa ne. Shi ya sa kaya.buhu -= 5 zai tsaya, amma ka rubuta kaya = new Kaya() a ciki, na waje ko a jikinsa. Ni dai ya sa fankishin ya dawo da amsa: buhu = rage(buhu, 5).

Maman Khalil: Kan irin wannan tambayar, ta musanya ƙimar a da b a cikin fankishin, aka kayar da ni a aji biyu, alhali malamin bai taɓa kunna kwamfuta a gabanmu ba, allo kawai. Har yau abin na ci mini rai.

Injiniya: Badaure, wannan zancen littafi ne. Mu aiki muke yi.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na gode duka. Na mai da buhu static a saman kilas, wato guda ɗaya tak da duk kod ɗin ke amfani da shi, yanzu yana raguwa.

Badaure: Kaya iri nawa ne a shagon? Gero, dawa, wake, kowanne static za ka yi masa?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Iri 14 ne, kuma ba na ganin laifin hakan, Yaya. Kawu ba kod zai duba ba. Jibi Juma'a, ba ni da lokacin rushe komai. Sai dai yanzu in na rage gero, shinkafa ce ke raguwa.