Jitar bes ta katako ta fara ziza tun da na kawo ta Riyad

Ɗan Batha:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi jitar bes ta katako, mai tsirkiya huɗu, ta hannu ce mai araha, daga Jidda. Lafiya lau take da ta iso. Yau wata biyu ke nan a Riyad, tsirkiyar E da A sun fara ziza daga firet na 1 zuwa na 5 (firet su ne ƙarafunan da ke jere a kan wuyan jita), bakin ƙarafunan firet kuma yana kartar hannu. Idan na jona ta da amfilifaya, G ba ta fita kamar sauran. Wani ya ce in murɗa ƙarfen cikin wuya. In murɗa?

Kafintan Jidda:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye alankin murɗa ƙarfen nan tukuna. Ƙishirwa ce ke damun jitarka. Katakon jita yana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Jidda bakin teku ce, Riyad kuwa da rani danshi kan sauka ƙasa da kashi 20, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana tsotse ɗan abin da ya rage a ɗaki. Idan katako ya bushe, fuskar jita kan lotsa, jakin da ke ɗauke da tsirkiya ya yi ƙasa, tsirkiya ta kusanci firet. Allon wuya shi ma ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, shi ya sa bakinsa ya leƙo.

Samo gidan sabulu na roba, ka huda murfinsa, ka jiƙa soso ka matse shi har ya daina ɗiga, ka sa a ciki. Ajiye shi cikin shantar jitar, wato jakarta, wajen kan jitar, ka rufe. Kada ruwa ya taɓa katako. Duk kwana biyu ko uku ka sake jiƙawa. Sayi ƙaramin ma'aunin danshi ka jefa ciki, ba shi da tsada. Ba ta kwana goma zuwa sati biyu kafin ka auna komai. Masu araha yawanci fuskarsu falawud ce, ba ta saurin tsagewa, amma allon wuya da jaki da sandunan ciki katako ne zalla, su ne ke jin jiki.

Malam Tijjani mai gyara:
Maganar Kafinta haka take. In bayan sati biyu zizar na nan, sai a koma kan wuya. Saita tsirkiyoyi daidai, E A D G. Sa kafo, abin nan da ake maƙalawa ya danne tsirkiyoyi duka, a firet na 1, danne E a inda wuya ya haɗu da jiki, ka duba ratar da ke tsakanin tsirkiya da firet na 7. Ana son kamar milimita 0.3 zuwa 0.4, wato kaurin katin kasuwanci. Ziza a firet biyar na farko alama ce wuya ya miƙe da yawa, don haka sassautawa za ka yi, murɗawa hagu. Alanki na milimita 4 ko 5 ne galibi, ta bakin ramin jita ake kai masa. Rubu'in zagaye kawai, sannan ka bari ya kwana. Idan ya cije kada ka tilasta, ƙarfen nan in ya karye gyaransa ya fi kuɗin jitar.

Daga nan tsayin tsirkiya a firet na 12: E wajen milimita 3, G wajen 2.5. Bes ta katako ba ta da amo sosai, sai an ja da ƙarfi, saboda haka ban ba da shawarar a yi ƙasa da haka ba.

Batun G kuwa, daga farin ƙashin da ke cikin jaki ne. Ƙarƙashinsa akwai siririn abin ɗaukar sauti mai aiki da matsi. In gindin ƙashin ba shafe yake ba, ko ya cije a raminsa, wata tsirkiyar ba ta dannawa sosai. Sassauta tsirkiyoyi, zare shi, yi masa alama don kada ka juya shi, hure ƙurar ramin. Shimfiɗa samfefa lamba 220 a kan gilashi ka goga gindin a miƙe, kaɗan kawai. Ka tuna, duk milimita 2 da ka ci a ƙashin, milimita 1 ce ke sauka a firet na 12, taka kuma dama ta yi ƙasa. Canza batir ɗin 9V ma, mai rauni yana shaƙe sauti.

Ɗan Batha:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na ga ɗan buɗi a bayan jakin, kusurwar takarda tana shiga. In ɗiga sufa-gulu?

Kafintan Jidda:
A'a! Sassauta tsirkiyoyi yau ɗin nan, jan da suke yi ya haura kilo 70. Sufa-gulu yana daskarewa a ramin ya hana jakin zama, gobe mai gyara ya rasa yadda zai ɓamɓare. A cire jakin, a kankare tsohon gam, a sa gam ɗin kafinta irin Titebond, a matse da kilam awa 24. Kai wa mai gyaran udu, molon Larabawa, aikin hannunsa ne. Kuma kada ka bar ta a mota da rana, zafin nan yana sa gam ya saki.

Ummu Hafsa:
Ƙanina, bayan an gyara jakin ka sa tsirkiya masu kauri lamba 45 zuwa 100, kada ka wuce haka. Masu rufin baƙin nailan sun fi sauƙin ja, ba sa kukan yatsa, sai dai amonsu ya fi dushewa in babu amfilifaya, kuma sun fi kauri, wataƙila sai an ɗan buɗe ramukan ƙashin sama, wanda ke ƙarshen wuya wajen kai. Wajen ɗaurawa, tabbatar ƙwallon tsirkiya ya kama katakon da ke ƙarƙashin jaki, ba ƙarshen turaken da ke riƙe tsirkiya a jaki ba, in ba haka ba turke zai riƙa tsalle waje.