Tsohuwar rikoda mai faifai biyu, Uher ko Nagra?

Mai_Rediyo: Salam 'yan uwa. Na tsinci wata tsohuwar rikoda a kayan kawuna, irin mai faifai biyu da tef ke zagayawa a fili, an rubuta Uher 4000 Report. Wai tana da daraja kuwa ko in kai wa 'yan gwangwan?

Baban_Khalifa: Kai malam kar ka kuskura! 'Yar Jamus ce wannan, tun 1961 aka fara yinta, 'yan jaridar BBC sun daɗe suna rataya ta a kafaɗa suna ɗaukar hira. Faifan inci 5 take ɗauka, batir manya guda biyar, kuma gudunta kala huɗu ne, in ka sa 19, wato santimita 19 a daƙiƙa, murya ta fito tas amma tef ya ƙare da wuri, in ka sa 2.4 kuma tef zai daɗe sai dai sautin ya dushe.

Injiniya_Zariya: Gaskiya ne, amma Nagra ta Suwizalan ita ce uwa, ita masu fim ke amfani da ita a da. Nagra III batir 12 take ci, ga nauyi. Taka dai ka duba bel ɗin roba na ciki, tsufa na sa ya saki ko ya narke. Ka goge hed, wato ɗan ƙarfen da ke ɗauka da karanta sauti a jikin tef, da sifirit a auduga kafin ka saka tef.

Mai_Rediyo: To tef ɗin fa, na kaset zai yi?

Injiniya_Zariya: A'a ɗan uwa, nata faɗinsa kwatan inci ne, na kaset ya yi siriri.