Sensar fakin ta mutu bayan gyaran bamba, ta ina zan fara?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Masu sanin wutar mota, a taimaka min da shawara. Motata 'yar Jamus ce, ƙirar 2012, sensar fakin takwas gare ta, masu yin ƙara in mota ta kusa taɓa wani abu, huɗu gaba huɗu baya. Kwanakin baya wani ɗan adaidaita sahu ya goge ni a cunkoso, bambar baya ta tsage ta gefen dama. Na kai wa mai fanal bita, ya kwance ta, ya liƙe, aka yi fenti aka mayar. Aikin ya yi kyau, ko tabo ba ka gani. To tun daga ranar, da na sa ribas sai ta ja ƙara ɗaya doguwa, fitilar maɓallin P mai kunna sensar ta kama ƙiftawa, daga nan sai tsit. Ko bango zan doka ba za ta ce uffan ba. Na gaban ma sun bi sahu.

Wani mai rewaya ya leƙa da ido kawai ya ce in sayo huɗun baya duka. Kuɗin ba na wasa ba ne, kuma hankalina bai kwanta da maganarsa ba. Gidanmu a lungu yake, da baya nake shiga, ga yara kullum a ƙofar gida, shi ya sa abin ya dame ni.

Oga Sale Rewaya:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna. Da wuya huɗu su mutu rana ɗaya. Wannan doguwar ƙara motar ce take gaya maka ta ga matsala, kuma irin waɗannan motocin, in sensa ɗaya ta ƙi amsawa, akwatin da ke sarrafa su yakan kashe su duka, har da na gaba. Gara ya yi shiru da ya ce maka hanya a buɗe take alhali akwai yaro a bayanka.

Ga yadda suke aiki a taƙaice. Kowace sensa tana harba sauti mai kaifin da kunnen mutum ba ya ji, wajen girgiza dubu 40 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, sai ta saurari dawowarsa kamar yadda jemage ke yi. Da tsawon lokacin da sautin ya ɗauka akwatin ke lissafa tazara. Mu ba ma jin sautin kansa, amma duk harbawa tana zuwa da ɗan ƙas-ƙas, kuma da shi muke kama mai laifi.

Ka sami wuri marar hayaniya. Ka murɗa makulli wuta ta kawo amma kada ka tayar da inji, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a taya, wani babba ya zauna ciki ya taka birki ya sa ribas. Kai kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka kara kunne, ko ka ɗora yatsa a hankali, za ka ji tana bugawa. In kunnenka irin nawa ne da janareta ya gama da shi, kunna rikoda a waya ka manna kusa, sannan ka saurara. Wasu motocin suna yanke musu wuta jim kaɗan bayan ƙarar, saboda haka a riƙa fita daga ribas ana komawa kafin kowace ɗaya. Wadda ta yi gum, nan za ka tsaya.

Maman Hanif:

Kafin a je nesa, ku wanke su da ruwa da tsumma mai laushi. Tawa da damina in laka ta bushe a kansu haka take ta ihu ba komai a baya. Amma a ja wa masu wankin mota kunne, su daina kafa musu bakin injin feshi daf da daf.

Ɗan Panteka:

Ni dai Alhaji da ni ne, sai in bar su a matsayin ado in sa kyamarar baya. Ko ka sayi saitin kasuwa mai sensa huɗu, ana jona shi da wayar fitilar ribas, magana ta ƙare.

Injiniya Habu:

Ɗan Panteka, kyamara tana da amfani, amma sai kana kallonta, kuma ba ta ganin kusurwar bamba sosai. Motar da wayoyinta na asali ke nan lafiya, ban ga dalilin huda ta a cusa mata saitin kasuwa ba.

Hajiya, laka takan sa ihun ƙarya, gaskiya ne. Amma ta Alhaji alamar yankewa take nunawa, kuma ta fara ne ranar da aka taɓa bamba. Ni can nake zargi.

Ƙari a kan bayanin Oga Sale: shirun sensa ba ya nufin ita ce ta lalace, ƙila wuta ce ba ta isa gare ta. Hanyar rabewa ba ta cin ko sisi. Ka cire mai shirun, ka musanya ta da maƙwabciyarta, in dai soket ɗinsu iri ɗaya ne. In shirun ya bi ta zuwa sabon ramin, ita ce ta mutu, ka sayi guda ɗaya tak. In shirun ya tsaya a tsohon ramin, to waya ce ko soket. Waya uku ke shiga kowace ɗaya: mai kawo wuta, mai komawa jikin mota, da mai kai saƙo ga akwati. Mai rewayar da ya san aikinsa zai sa mita ya ga ko wuta kusan volt 12 na zuwa. A duba bakin soket ko ya yi kore saboda ruwa, ko wani ƙarfensa ya lanƙwashe.

Fenti ma yana da nasa. Masu fenti da yawa ba sa cire sensa, sai su bi ta kanta su maka mata kauri, wani ma har da fila, abin da ake cike lotsawa da shi. Fuskar nan ita ce ke girgiza, in ta yi nauyi sai ta dushe. Haka zoben roba da ke kewaye da ita, in aka yar da shi ko fenti ya manne shi da bamba, sai ta riƙa jin kanta tana ƙara ba dalili.

In akwai mai kwamfutar duba mota kusa, a jona. Sai dai ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa da wayar hannu yawanci matsalar inji kawai take karantawa. A nemi wadda ke shiga akwatin fakin, ita za ta faɗi wace ce, ta ciki ko ta waje, hagu ko dama. In ta kai ga saye, ka tafi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, da tsohuwar a hannu, a gwada lambar da ke jikinta, don da yawa kamarsu ɗaya a ido amma ba sa aiki a motar juna.

Baban Ummi:

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Mun yi gwajin da asuba ni da ƙanena. Uku suna bugawa, ta ƙarshen dama ce shiru. Muka musanya ta da ta kusa da ita, sai ga ta tana bugawa sarai a sabon rami, wadda aka mayar gurbinta kuma ta yi gum. Da muka sassauta gefen bambar muka haska tocila, ashe ƙarfen da ke riƙe ta ne ya danne wayoyin, ɗaya ta tsinke a cikin rigarta.

Oga Sale, a murɗe ta a naɗe da tef ya isa, ko sai an yi mata dalma?

Oga Sale Rewaya:

Dalma, Alhaji, sannan a sa mata robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Wurin yana shan ruwan taya, tef ba zai kai ƙarshen damina ba. A kuma ɗaure wayar nesa da ƙarfen kafin a mayar da bamba.