Yini Biyu a Kano da Iyali: Musayar Baitoci

Baƙon Damagaram:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. In Allah ya yarda, cikin hunturun nan zan shigo Kano ta hanyar Daura ranar Juma'a da yamma, tare da mahaifiyata da uwargidana da yara uku, kuma da asubahin Litinin za mu juya gida. Ba ni da kyamara sai wayar hannu. Ga roƙona a baiti:

Da sunan Allah nake farawa,
Kanawa gare ku nake tahowa,
Da Inna da yara muke isowa,
Yini biyu ne rak a cikin Kano.

Inna ƙafarta ba ta jurewa,
Autanmu da wuri yake gajiyawa,
Ku ba ni tsari mai sassautawa,
Kada mu yi nadamar zuwa Kano.

Ina ne ya dace mu fara dubawa,
Da hoton da jikoki ke adanawa,
Wata rana su ɗauko suna nunawa,
Su ce ga kakarmu a birnin Kano?

Ɗan Dala:

Maraba da baƙo, ka sauka lafiya,
Wanda ya zo Kano ya fara da Dala.
Matakala ɗari da ɗaya ce kawai,
Ka hau da sassafe bayan ka yi salla.
Nan Barbushe ya zauna kafin Bagauda,
Birnin duka daga gindinta ya ɓulla.
In hantsi ya fito ka juya masa baya,
Goron Dutse na gabanka, ba wahala.
Ka jera yaran, rufin birni a bayansu,
Hoton nan ya fi ka sayo musu hula.

Goggon Fagge:

Ɗan Dala, ba ka ji zancen baƙo ba,
Ya ce maka tafiyar har da tsohuwa.
Ɗari da ɗayan nan da ka ce kawai,
Da gwiwar samari kake ƙirgawa.
A kai ta Gidan Makama tun da safe,
Soron ƙasa ne mai daɗin zaunawa.
Tsoffin ƙyamaren ƙofofin birni,
Suna nan ajiye domin dubawa.
A tsayar da autan a gindin ƙyaure,
Girman ƙyauren sai ya fi fitowa.

Ɗana na Damagaram, ka saurari wadda ta sha rakiyar tsofaffi. Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, yana da alaƙa da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma daga bakinsa zuwa Ƙofar Kudu ta gidan Sarki tafiya ce kaɗan, saboda haka a fita ɗaya za ku ga wuri biyu ba tare da an wahalar da Hajiya ba. Ku ɗauki shatar adaidaita sahu ɗaya ya jira ku, kada ku riƙa sauka kuna neman wani a rana. A bakin fada kuwa, ka gaida dogarai ka tambaye su kafin ka ɗaga waya.

Mai Kyamara:

Goggo ta yi gaskiya a kan ƙyaure, domin babban abu ba ya nuna girmansa a hoto sai an tsayar da ƙaramin abu kusa da shi. Amma ban yarda da Ɗan Dala a kan lokaci ba. Babban Masallacin Juma'a yana kudu maso gabas da dutsen, don haka wanda ya hau da safe zai ɗauke shi ne yana fuskantar rana, ga kuma hazon hunturu da yake dusashe nesa.

Rana in ta kai tsakiyar kanka,
Inuwa za ta cika idon ɗanka,
Ka mai da wayar cikin aljihunka,
Ba lokacin nan ake yin hoto ba.

Ka goge idon wayar ka durƙusa,
Daidai da tsawon yaro ka yo ƙasa,
Kada ka jawo da yatsa, matso kusa,
Ƙafa ce take gyara maka hoto.

Dala da safe hazo ke rufewa,
Masallaci na gabas, rana na tarewa,
Bayan la'asar kubbarsa ke haskawa,
Koriya shar ta zauna cikin hoto.

Ɗan Dala:

Goggo, na ji faɗa kuma na karɓa,
Inna ta huta, samari su hau Dala.
Kai ko Mai Kyamara, ta gilashi ka san ta,
Ni a gindinta na koyi alwala.
Da yamma matasa sun cika ta maƙil,
Ina iyali za su sakata su wala?
Da asuba tsit take sai caran zakara,
Hayaƙin murhu na tashi, ana kashe fitila.

Jikan Marina:

Ku bar gardamar dutse ku gangaro,
Ƙofar Mata ce gidan mai shuni.
Tun shekarar 1498 ake rini a nan,
Gado ne na kaka da kakanni.
Baba da toka da katsi a rami,
A tsoma, a ɗaga, iska ta sha zani.
Kore yake fita ya rikiɗe shuɗi,
Yaro ya tsaya ya ƙi gajiya da gani.
Ka ɗauki hannun marini kusa-kusa,
Amma kafin nan ka nemi izini.

'Yar Gwale:

Madalla, Jikan Marina. Tun da aka fara musayar nan babu wanda ya kawo abin da yaro zai gani yana faruwa a gaban idonsa sai kai. Sauran duk dutse da ƙyaure suke ta nunawa.

Malamin Aruli:

Ina neman afuwar baƙo, amma akwai abin da ba zan iya wucewa ba. Ɗango na uku a baitocin Jikan Marina ya karye karaya mai muni. Lambar da ya rubuta gajeriya ce a ido, amma waƙa da baki ake rera ta, kuma idan aka furta “dubu ɗaya da ɗari huɗu da casa'in da takwas” an ci gaɓa 16 tun kafin a taɓa sauran kalmomin. Ɗangon gaba ɗaya ya kai gaɓa 26, alhali ɗangonsa na farko 11 ne. Magabatanmu ba su jahilci shekara ba, amma da ramzi suke sa ta a ƙarshen waƙa, haruffa su ɗauki lissafin, kari ya zauna lafiya. Da ya ce “Ƙarni biyar da ɗoriya ake rini”, da ma'ana ta fito ba tare da ɗingishi ba. Haka nan Mai Kyamara ya rufe baitinsa na farko da “ba”, sauran biyun da “hoto”, wato babban amsa-amonsa ya kauce tun a ƙofa.

Jikan Marina:

Allah gafarta Malam, na ji gyara,
Amma baƙo wuri ya nema, ba ma'auni.
Kana zaune kana ƙirgen gaɓa da yatsa,
Yatsun da ba su taɓa shiga shuni.
Shekarar gidanmu ba zan rage ta ba,
Ko da baitin zai yi rarrafe yini.

Mai Kyamara:

Malam, “ba” ɗin da ka tsinta nahawu ne ya wajabta ta, domin korewar da aka buɗe da “ba” dole a rufe ta da “ba”. Na zaɓi in saɓa wa amsa-amo a kan in saɓa wa Hausa.

Malamin Aruli:

Gwani shi ne mai haɗa su biyun,
Ya bi nahawu, karinsa bai karye ba.
Marini ba ya cewa zane ya isa,
In gefe guda shunin bai kama ba.
Kai da ka san ramin da ya nuna,
Don me ka fid da baitin da bai nuna ba?

'Yar Gwale:

Malam, da girmanka, wannan son kai ne. Baitocin Ɗan Dala na biyu sun fi na kowa tsawo da gajarta, “Hayaƙin murhu na tashi, ana kashe fitila” ya fi ɗangon farko da gaɓa huɗu, amma ba ka ce masa uffan ba.

Goggon Fagge:

'Yata, Malam bai zagi marina ba, baiti ya gyara, kuma gyaran nasa ya fi daɗin rerawa. Wanda ya ƙi jin gyara a gaban jama'a shi ya ja maganar ta yi tsawo.

Bazazzagi:

Baƙo da kayansa a bakin zaure,
Kanawa na faɗa, fuska a ɗaure,
Ganuwarku an ci, an gine, an share,
Ya zarce Zariya kawai ya huta.

Kufena dutse ne, Dala ko tudu,
Masallacin Babban Gwani na nan kudu,
Ginin ƙasa ne da ba a yi da gudu,
Mai son hoton gini a nan zai huta.

Ɗan Dala:

Bazazzagi, ka ce tudu ne, mun ji,
Tudun ne ya tara fataken duniya.
Ko da me ka zo an fi ka, ka sani,
Tumbin giwa ba ya gasa da Zariya.
Kufenanku shekara nawa yana tsaye,
Bai haifi Kurmi ba, bai haifi Kwari ko ɗaya.

Sai dai a kan ganuwa ba zan musa maka ba, domin abin yana ci mini rai. Badalar da Sarki Gijimasu ya fara tun wajen ƙarni na 12 ta zaizaye, an kuma cinye da yawa daga cikinta da gine-gine. Baƙo, idan kun bi ta wajen Ƙofar Na'isa ko Gadon Ƙaya kuka ga guntun da ya saura, ku tsaya ku ɗauka da yara a gabansa, da yamma, lokacin da jar ƙasar take ɗaukar hasken rana.

Mai Kyamara:

Tunda Ɗan Dala da bakinsa ya ambaci hasken yamma, na gode. Baƙo, ga abin da gardama ta danne. A Kasuwar Kurmi lunguna matsattsu ne kuma inuwa ta yi yawa, don haka ka tsayar da mutum a bakin rumfa inda haske yake faɗowa a fuskarsa, jakunkunan dukawa da kayan doki su zauna a bayansa. Ka sayi wani abu, ko alabe ne, kafin ka roƙi mai rumfa hoto, kuma kada ka ɗauki matar da ba ka sani ba. Ka riƙe hannun autan sosai a can. Barikin soja da shingen jami'an tsaro ba wuraren ɗaga waya ba ne. Idan lokaci ya ragu, ku leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a unguwar a 1909. Zanen bangon gidan da zankwayensa sun fi fitowa idan rana ta bugo su ta gefe. Ka kwana da wayar a caji, ka kuma rage tsoffin hotuna tun daga gida.

Goggon Fagge:

An manta cikin yara, ana ta gini,
Yaro da yunwa ba ya murmusawa.
A ba su gurasa bandashe da zafinta,
Sannan a ce su tsaya a yi ɗaukawa.
Lahadi a kai su gidan zu na Audu Bako,
Su ma su sami nasu abin tunawa.

Baƙon Damagaram:

Ku yafe mini shirun kwana tara, mun isa gida lafiya sai hidima ta riƙe ni. Asabar da safe mun bi tsarin Goggo, daga Gidan Makama zuwa Ƙofar Kudu, muka yi azahar, sannan muka gangara marina. Dala kuwa sau biyu na hau ta, da la'asar ɗin Asabar tare da manyan yaran biyu, da kuma asubahin Lahadi ni kaɗai, kafin mu kai su kallon namun daji. Kurmi ba mu samu shiga ba.

A marina Inna ta ƙi zama a kujerar da aka ba ta. Ta matsa bakin ramin, ta ce da irin wannan shunin aka rina turkuɗin da ta yi lulluɓi da shi ranar da aka kai ta ɗaki, ta kuma roƙi dattijon marinin ya miƙo hannunsa. Ta ɗora nata mai jan lalle kusa da nasa mai shuɗi har wuyan hannu, na durƙusa kamar yadda Mai Kyamara ya ce, na matsa da ƙafa.

Dala da la'asar kubba na haskawa,
Da asuba birnin yana farkawa,
Tsakaninku ba ni iya rabawa,
Kowa da gaskiyarsa a kan Kano.

Hannu da lalle, hannu da shuni,
Na tsohuwata da na marini,
Shi na wanke na kafa a gini,
A ɗakin Inna, tsarabar Kano.

Malamin Aruli:

Baiti na biyun nan ya zauna daram, ba ni da abin gyarawa a cikinsa.

Jikan Marina:

Baƙo, idan babu damuwa ka wanke guda ɗaya ka aiko da shi ta hannun direbobin Damagaram. Zan kai wa dattijon da kaina, domin masu ɗaukar hannunsa suna da yawa, amma da wuya a dawo masa da hoton.

Ɗan Dala:

Na asubahin fa, baƙo? Ka sako shi mu gani, Mai Kyamara ya nuna mana inda hazon ya rufe Goron Dutse.