Ƙari a cikin yaro: yaya ake bambanta neuroblastoma da sankarar ƙoda?

Sista Jinya: Salamu alaikum likitoci. Idan an kawo ɗan shekara 2 da ƙari mai tauri a ciki, me zai sa a zargi neuroblastoma maimakon sankarar ƙoda ta Wilms? Kuma wane gwaji ake fara yi?

Likitan Yara: Wa alaikumus salam Sista. Ki fara duban yaron kafin cikin. Mai Wilms sau da yawa yana wasansa, ƙarin sumul ne, a gefe ɗaya. Neuroblastoma kuwa sankara ce da take tasowa daga ƙwayoyin jijiya, galibi a gilan ɗin adirinal da ke saman ƙoda. Ƙarin yana da gargada, yakan tsallake tsakiyar ciki, yaron ya rame, ya yi fari fat, yana kukan ƙashi ko ya ƙi taka ƙafa. Wani kewayen idonsa ya yi baƙi kamar an naushe shi: alamar cutar ta kai ƙashin kwarmin ido ke nan. A nan ake ɓata lokaci, domin ciwon ƙashi da ƙarancin jini sukan sa a tsaya kan sikila ko maleriya. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu neuroblastoma ana gano ta ne kafin su kai shekara 5.

Malam Lab: Bayan hoton ciki, a aika fitsari a auna VMA da HVA, sinadaran da ƙarin ke sa su yi yawa a fitsari, suna hawa a wajen yara 9 cikin 10 masu neuroblastoma. Sai CT ko MRI, a yanki tsokar ƙarin, a zuƙo ɓargo daga ƙugu, dama da hagu, don gefe ɗaya yana iya fitowa lafiya lau alhali cutar na can. A duba ƙwayar gado mai suna MYCN a tsokar: idan ya ninku, yaron na rukunin haɗari mai tsanani. Inda ake hoton MIBG, wanda ake yi wa yaro allurar wani sinadari don a ga inda cutar ta bazu, a fara ba da ruwan aidin tun kwana guda kafin allurar, don kare gilan ɗin tayirod da ke wuya.

Likitan Yara: Ƙarin bayani, Sista. Jariri ɗan ƙasa da wata 18 wanda cutar ta tsaya a hanta, fata da ɗan ɓargo, ƙarin yakan janye da kansa, amma a sa ido, hantar na iya kumbura ta danne numfashi. Ƙafafu suka saki ko fitsari ya tsaya, to ƙarin ya matse laka, a tura yaron asibitin koyarwa a ranar, kada a jira sakamakon fitsari.