Abin da aka tsayar kan zangon hutun yara maza a ƙauyukanmu na Ringim

Ga abin da na tattaro daga bakin 'yan'uwa kan tara yaranmu a makarantar firamare lokacin dogon hutu.

1. Kusan kowa ya yarda shugabanci da hannu ake koyonsa. A kasa yara rukuni-rukuni, bakwai ko takwas, a riƙa juya shugabancin duk kwana uku. Wanda ya raba tuwo yau, shi zai wanke kwanuka gobe. Wani ya ce a nan ne yaron da ko gaisuwa sai ya sunkuyar da kai yake fara buɗe baki.

2. Sallah a jam'i, yaran su yi ladanci da kansu. Nan babu saɓani.

3. An rabu kan lokaci. Hutun Agusta tsakiyar damina ne, manoma suka ce ba za su saki yara ana noma ba. Wasu suka ce a mai da abin gayya, yaran su nome gonar dattijon da ba shi da mataimaki. Ni wannan ta fi kwanta mini.

4. Bulala: wasu dattawa na so, mafi yawa sun ƙi.

5. A fara sanar da dagaci, a kuma tanadi gidan sauro.